Ba Kowane Ƙaiƙayi Ba Ne Sanyi: Larurar Da Iyayenmu Mata Suka Rasa Sunan Kiranta

Kafin in ce komai, ina neman afuwar mai karatu, musamman iyayena da malamaina da ke bibiyar wannan shafi. Batun da zan taɓo a yau ba irin wanda aka saba gani ba ne a tsakanin sharhin siyasa da na tattalin arziki, kuma ni kaina na daɗe ina jan ƙafa kafin in ɗauki alƙalami. To amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ya faru a cikin danginmu ne ya tilasta mini yin magana, domin da idona na ga yadda kalma guda ta kusa kashe auren da ya haura shekara 30.

Ni ba likita ba ce. Kimiyyar harshe na karanta, ita nake koyarwa a jami'a. Saboda haka duk abin da ya shafi jiki da magani a wannan rubutu na samo shi ne daga bakin likitocin mata da kuma abin da hukumomin lafiya suka wallafa. Abin da ya shafi kalmomi kuwa, nan ce gonata, kuma a nan nake ganin matsalar ta faro.

Ina da wata yaya, 'yar wan mahaifina, wadda ta ɗan haura shekara 50. Mace ce mai tsafta, har tsiya ake yi mata a dangi saboda yawan wanke-wanke da goge-goge. Wata Asabar sai ga ta a gidana ba tare da sanarwa ba, riƙe da 'yar jakar da ke nuna ba yini kawai ta zo yi ba. Ba ta buɗe baki ba sai bayan sallar isha'i, da yara suka kwanta. Ta ce kusan shekara biyu ke nan tana fama da "sanyi". Ƙaiƙayin gaba ya hana ta barci, in ta yi fitsari sai ta ji raɗaɗi kamar an watsa barkono, ranar girkinta kuma ta zame mata ranar fargaba saboda zafin da take sha. Ta haɗiyi ƙwayoyin kemis har ba ta san adadinsu ba. An yi mata allurai. Ta sha sassaƙe, ta zauna a ruwan bagaruwa, ta yi tsarki da ruwan Dettol. Kowane magani sai ciwon ya yi kamar ya lafa, bayan 'yan kwanaki ya dawo.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, ciwon ya tsananta ne 'yan watanni bayan maigidanta ya ƙara aure. Sai ta haɗa wannan da wancan ta yanke hukunci: amarya ce ta zo da cutar, maigida ya kwaso ya kawo mata. Ta kuma faɗa masa haka ido da ido. Shi ya yi ta rantsuwa, amarya ta yi ta kuka, iyayen amarya suka shigo cikin maganar da zafinsu. "Ni da ban taɓa sanin wani namiji ba sai shi," in ji Yaya, "a ce da furfurata za a shafa mini wannan abin kunya?"

Na ce da ita, "Yaya, yaushe rabonki da al'ada?" Ta dube ni kamar na sako zancen da ba shi ake yi ba. Ta ce, "Ke kuma me ya haɗa wannan da wancan? Ai na fi shekara uku da dainawa."

Ranar Litinin na kai ta wurin wata likitar mata. Aka duba ta, aka auna ruwan gaba da fitsari da sukarin jini. Ba a sami ƙwayar cutar da ake ɗauka daga wani ba. Likitar ta ce mata, "Hajiya, babu wanda ya shafa miki komai. Fatar wurin ce ta rage kauri ta bushe saboda ɗaukewar al'ada, abubuwan da kike tsarki da su kuma suka ƙara ƙona ta." Yaya ta yi shiru na tsawon lokaci, sannan ta ce, "To likita, shi wannan mene ne sunansa?" Likitar ta faɗi sunansa da Turanci. Da Hausa kuwa, daga ita har ni mai digirin digirgir a harshe, babu wadda ta iya kawo suna.

Kalmar da ta haɗiye cututtuka

Kalmar "sanyi" tana daga cikin kalmomin da suka fi ɗaukar kaya a Hausa. Akwai sanyin hunturu, akwai sanyin ƙashi, akwai sanyin jiki na mai nawa, akwai sanyin hali. A fagen rashin lafiya kuwa, da can in an ce "ciwon sanyi" an san cuta guda ake nufi, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, mai sa zafin fitsari da fitar mugunya. Amma a yau duk wanda ya tsaya ya saurari masu tallar magani da lasifika a tasha ko a bakin kasuwa zai ji yadda kalmar ta zama buhun da ake zuba komai: ƙaiƙayi sanyi ne, farin ruwa sanyi ne, ciwon mara sanyi ne, jinkirin haihuwa da ɗaukewar sha'awa duk sanyi ne. 'Yan boko kuma suka kawo tasu, suka ce "infekshan", suka ɗora laifin a kan masai.

Mu a fagen nazarin harshe muna kiran wannan faɗaɗar ma'ana, kuma ba abin mamaki ba ne, kowane harshe yana yin haka. Illar ita ce, kalma ba ta tafiya ita kaɗai. "Sanyi" ya faɗaɗa, amma bai ajiye kayansa na asali ba. Duk inda ya shiga yana ɗauke da zato biyu: na farko, cewa wani ne ya shafa maka ko kuma ƙazanta ce ta jawo, na biyu, cewa akwai ƙwayar cutar da sai an kashe ta. Don haka ranar da Yaya ta kira abin da ke damunta "sanyi", a ranar ta riga ta tuhumi wani, ta kuma riga ta zaɓi magani, tun kafin likita ya gan ta.

Akwai kalma ta biyu, wato "ni'ima". Kalma ce mai daɗi, an aro ta daga Larabci, an sakaya zance da ita cikin hikima don a ambaci damshin jikin mace. Sai dai mun mayar da ita ma'aunin darajar mace a ɗakin mijinta, har "ba ta da ni'ima" ya zama gori tsakanin kishiyoyi. Macen da ta ji bushewa ba za ta ɗauka larura ce ta same ta ba, za ta ɗauka aibi ne gare ta. Mai aibi kuwa ba asibiti take nufa ba, gidan mai kayan mata take zuwa a ɓoye. Ga kalmomi biyu ke nan: ɗaya tana tura mace kemis, ɗaya tana tura ta wurin mai tsumi da gumba, babu wadda ke nuna mata ƙofar likita.

Shi kansa wannan mataki na rayuwa ba mu da kalma guda da muke kiransa da ita. Sai dai mu ce "ta daina al'ada", ko "jini ya ɗauke mata", ko "girma ya zo". Dukkansu tsayawar jini kawai suke bayyanawa, kamar daga nan zance ya ƙare: ta huta, za ta yi sallarta da azuminta ba fashi. Hutu ne kam, babu musu. Amma abin da ke biyo baya a jiki, harshenmu ya yi shiru a kansa.

Abin da ke faruwa a jiki

Likitoci suna cewa al'adar mace ta ɗauke idan ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba, ba kuma don ciki ko shayarwa ko wata cuta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata suna kai wa wannan mataki ne tsakanin shekara 45 da 55. Dalili shi ne ma'ajiyar ƙwai ta mace tana rage samar da wani sinadari da ake kira istirojin, har ya yi ƙasa ƙwarai.

Wannan sinadari ba al'ada kaɗai yake tafiyarwa ba. Shi ne ke sa fatar cikin farji ta yi kauri da laushi da damshi, ta kuma iya miƙewa. Shi ne ke sa jini ya wadaci wurin. Haka nan yana sa fatar ta tara wani nau'in sitaci wanda wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ke ci. Waɗannan ƙwayoyi dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo ne, kuma aikinsu a jikin mace ya yi kama da wancan: suna sa wurin ya kasance da ɗan tsami, tsamin kuma ya hana miyagun ƙwayoyi zama. A ma'aunin tsami da masana ke amfani da shi, mace mai al'ada takan tsaya wajen 4 zuwa 4.5. Bayan ɗaukewar al'ada lambar takan haura 5, ma'ana tsamin ya ragu.

Idan istirojin ya ja baya, sai fatar ta rage kauri, damshi ya ƙafe, masu gadin nan su ragu. Daga nan ake samun bushewa da ƙaiƙayi da raɗaɗi, da zafi ko ɗan tsagewa lokacin saduwa. Da yake mafitsara da hanyar fitsari su ma suna dogara da wannan sinadari, sai a ga mace tana yawan jin fitsari, ko ya matse ta farat ɗaya, ko kuma ciwon mafitsara ya riƙa dawo mata a kai a kai. Alƙaluman bincike sun bambanta, amma an fi cewa wajen rabin matan da al'adarsu ta ɗauke suna fuskantar wani abu daga cikin waɗannan. Mai shayarwa ma takan ɗanɗana irinsa na ɗan lokaci, haka wadda aka cire wa ma'ajiyar ƙwai ko take karɓar wasu magungunan sankara.

Akwai wani bambanci da ya kamata a riƙe. Zafin nan da ke taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska, da gumin dare, galibi sukan lafa bayan wasu shekaru. Ita kuwa bushewa ba ta tafiya don kanta, sai ma ta ƙaru da shekaru idan ba a kula da ita ba. Saboda haka "ki yi haƙuri zai wuce" ba shawara ba ce a nan.

Garin neman gira

Idan aka fahimci wannan, za a ga dalilin da ya sa magungunan Yaya suka ƙi aiki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya mayar da kaurin fata. Abin da yake yi shi ne ya ƙarasa ragowar ƙwayoyin nan masu amfani, wani lokaci ma ya buɗe ƙofa ga kandida, wato funfunar da ke sa ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri. Ga kuma babbar matsalar da duniya ke kuka da ita, ta ƙwayoyin cuta da suka daina jin magani saboda shan sa barkatai.

Bagaruwa kuwa, ai da ita majema ke jeme fata. Aikinta shi ne ta tsotse ruwa ta ɗaure nama, shi ya sa take cikin kayan matsi. Macen da fatarta ta riga ta bushe, in ta zauna a ruwan bagaruwa, ana kukan targaɗe ne sai ga karaya. Haka sabulu mai ƙamshi, da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da aka yi don goge ƙasa da wanke rauni, da turaren tsuguno, da miskin da ake cusawa: abin da jikin 'yar shekara 25 zai iya jurewa, fatar 'yar shekara 55 ba lallai ta jure ba. Akwai kuma mayukan ƙaiƙayi masu haɗe-haɗe da ake saya a kemis, waɗanda da yawansu ke ɗauke da sitiroyid. Suna kwantar da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake son su, amma daɗewa ana shafa su ba bisa umarnin likita ba yana iya ƙara rage kaurin fata, ya kuma ɓoye wata cutar da ya kamata a gano da wuri.

Ba mu kaɗai ba ne

Kada mai karatu ya ɗauka Hausa ce kaɗai ta gaza. Kalmar da Turawa ke kiran ɗaukewar al'ada da ita ba ta daɗe ba: wani likita Bafaranshe mai suna de Gardanne ne ya fito da ita a 1821, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin "wata" da "tsayawa". Larabawa suna cewa "sinnul ya'asi", wato shekarun yanke ƙauna, kuma a 'yan shekarun nan an sami masu fafutukar a sauya shi da sunan da bai da nauyi haka.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na 2014. A shekarar ne wasu ƙungiyoyin likitoci biyu, ɗaya mai nazarin ɗaukewar al'ada a Arewacin Amurka, ɗaya ta ƙasa da ƙasa mai kula da lafiyar mata ta fuskar jima'i, suka sanar da sauya sunan wannan larura. Tsohon sunan yana nufin "motsewar farji". Suka ce yana da illa uku: bai haɗa da matsalar fitsari ba, mata suna jin kalmar "motsewa" kamar zagi, sannan kafofin watsa labarai suna jin nauyin furta sunan gaɓar. Sai suka kawo sabo mai ma'anar "tarin alamomin al'aura da mafitsara na ɗaukewar al'ada". Manyan likitoci ne suka zauna taro a kan kalma, domin sun gane cewa larurar da ba a iya faɗin sunanta ba a kai ta asibiti.

Mu ma mun taɓa yin irin wannan. Sunan "yoyon fitsari" ya ba gidajen rediyo damar magana a kan larurar da a da ake ɓoye masu ita a ƙuryar ɗaki, har mata suka san akwai inda ake ɗinke ta, irin asibitin Babbar Ruga da ke Katsina. Haka aka matsa daga "kabari kusa" zuwa "cuta mai karya garkuwar jiki", kuma kowa ya san bambancin da hakan ya kawo ga masu ɗauke da ita.

Kuma kada a ce kunya ce ta hana. Kunya adonmu ce, ni ma har gobe ba na kiran sunan ɗan farina. Amma duk wadda ta zauna a gaban malam ko malama ta karanta Ahalari ko Risala ta ji an ambaci farji da haila da jinin biƙi da sunayensu, an fassara su da Hausa tsantsa, babu wanda ya ce an yi batsa. Ashe muna da harshen ilimi mai tsafta da za a yi wannan magana da shi. Mun yarda a yi amfani da shi don gyara tsarki, mun hana a yi amfani da shi don neman lafiya.

Me ke taimakawa?

Mataki na farko ba ya cin ko kwabo: a daina abin da ke ƙona wurin. Tsarki da ruwa zalla da muka gada ya wadatar, a waje kawai, ba tare da ɗura ruwa ko sabulu ciki ba. A tsane da tsumma mai laushi ba tare da gurzawa ba. A sa kamfai na auduga maras matsewa, a ɗauraye shi sosai daga sabulun wanki. Likitoci kan yarda a shafa mai maras ƙamshi, irin basilin fari, a fatar waje don kare ta daga gumi da fitsari. Susa kuwa tana ƙara ƙaiƙayi ne, tsumma mai sanyi ya fi ta amfani.

Mataki na biyu shi ne mayukan da babu sinadarin istirojin a cikinsu, kuma iri biyu ne da ake yawan rikitawa. Akwai mai damsasa fatar ciki, wanda ake sawa sau 2 ko 3 a mako, ko da saduwa ko babu. Akwai kuma mai sa santsi, wanda ake amfani da shi lokacin saduwa kawai. A zaɓi maras ƙamshi da maras sa ɗumi ko yaji. Masu amfani da kwaroron roba su sani cewa duk abin da ke da maiƙo, irin basilin ko man kwakwa, yana lalata robar.

Mataki na uku, wanda shi ke taɓa tushen matsalar, shi ne istirojin ɗan kaɗan da ake sawa a farji, na shafawa ko 'yar ƙwaya ko zobe. Likita ne ke rubuta shi. Galibi ana sawa kullum na mako biyu, sannan a koma sau biyu a mako. Sauƙi yakan fara cikin 'yan makonni, cikakken amfani kuma yakan ɗauki kamar wata uku, in aka daina kuma larurar takan dawo. Tun 1993 bincike ya nuna yana rage yawan dawowar ciwon mafitsara ga matan da al'adarsu ta ɗauke.

Na san wasu daga cikin masu karatu za su ce, ba wannan ne aka ce yana kawo sankarar mama ba? Tsoron ya samo asali ne daga 2002, lokacin da aka dakatar da wani babban bincike a Amurka mai mata fiye da 16,000, bayan an ga ƙarin haɗarin sankarar mama da daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Amma ƙwayoyin haɗiya ne aka gwada a wancan bincike, masu zagaya jiki duka. Na sawa a farji kuwa, abin da ke shiga jini daga cikinsa ɗan kaɗan ne ƙwarai. A Ingila, tun 2022 aka yarda mata 'yan shekara 50 zuwa sama su sayi wani nau'insa a kantin magani ba tare da takardar likita ba, bayan mai harhaɗa magani ya yi musu tambayoyi. A Nuwamba 2025 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da sanarwar cire babban gargaɗin da ta daɗe tana liƙa wa waɗannan magunguna. Duk da haka, wadda ta taɓa yin sankarar mama ko ta mahaifa, ko take ganin jinin da ba a san dalilinsa ba, kada ta taɓa shi sai da shawarar likitanta.

Inda jinkiri ke da haɗari

Kamar yadda ba kowane ƙaiƙayi ba ne sanyi, haka ba kowane ƙaiƙayi ba ne na ɗaukewar al'ada. Kada mu fita daga wani buhun mu faɗa wani. Ciwon sukari yakan fara bayyana ga wasu mata ta hanyar ƙaiƙayin gaba mai yawan dawowa, shi ya sa aka auna jinin Yaya. Akwai wata cutar fata mai sa wurin ya yi fari fat kamar takarda, da ƙaiƙayi mai tsanani musamman da dare. Tana da magani, amma in aka bar ta takan sa tabo da ƙanƙancewa, a wasu kaɗan ma ta rikiɗe ta zama sankara. Cututtukan saduwa na gaskiya su ma suna nan, kuma shekaru ba sa kare kowa daga gare su. Gwaji ne kaɗai ke rarrabewa.

Abin da ya fi komai muhimmanci: duk jinin da mace ta gani bayan ta yi shekara guda da daina al'ada, ko ɗigo ɗaya ne, ba "al'ada ce ta dawo" ba. A je asibiti cikin gaggawa. Mafi yawan lokuta dalilin mai sauƙi ne, sau da yawa ma ita wannan bushewar ce, amma a kusan mace 1 cikin 10 masu irin wannan jini akan tarar da sankarar mahaifa, wadda ake warkewa daga gare ta in an kama ta da wuri. Haka nan ƙari, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko ruwa mai wari.

Kira

Ga maza masu karanta wannan shafi, waɗanda na san su ne suka fi yawa: idan uwargida ta fara kauce wa shimfiɗa a waɗannan shekaru, kafin a ce kishi ne ko raini, a yi tunanin zafi ne. Macen da ta haifa maka 'ya'ya, ta yi shekara 30 tana rufa maka asiri, ta cancanci a tambaye ta a hankali, a ba ta lokaci, a kuma biya mata kuɗin ganin likita. Ga 'ya'ya mata da suka yi karatu: iyayenmu ba za su fara wannan zance ba, amma in an buɗe musu ƙofa cikin ladabi sukan shigo. Ga likitoci da nas-nas: Hajiyar da ta zo awon hawan jini ba za ta ce muku komai ba sai kun tambaya, kuma tambaya ɗaya cikin Hausa mai mutunci ta isa. Ga masu kemis: ku ji tsoron Allah, macen da ta dawo sau uku da ƙorafi ɗaya ba ƙwaya ta huɗu take bukata ba.

Ga abokan aikina kuma, masana Hausa a jami'o'inmu da ma'aikatan gidajen rediyo: mun ƙirƙiro kalmomi don nahawu da siyasa da kwamfuta, amma mun bar rabin al'ummarmu babu sunan abin da ke hana su barci. Ni dai ga tawa gudummawar, a duba: "bushewar girma". Gajere ne, ya faɗi alama, ya faɗi dalili, bai tuhumi kowa ba, kuma ana iya furta shi a rediyo ko a gaban suruki. In akwai wanda ya fi shi, ina maraba. Ranar 18 ga Oktoba ta kowace shekara ce aka keɓe a duniya don wayar da kai game da ɗaukewar al'ada. Babu abin da zai hana gidajen rediyonmu su gayyato likitocin mata a ranar su yi bayani da Hausa.

Ba don Yaya kaɗai nake wannan magana ba. Ni ma na doshi 50, kuma tawa al'adar ta fara yi mini wasan ɓuya. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma layin da ta bi shi muke bi.

Yaya ta koma ɗakinta bayan mako guda. Cikin wata biyu da fara magani da barin wanke-wanken nan, ta kira ni ta ce ta yi barci har asuba ba ta farka ba. Amma ta ce maganin da ya fi ɗaci shi ne ranar da ta taka har ɗakin amarya ta nemi gafara. Amarya ta yafe. Iyayenta kuwa har yanzu gaisuwa ce kawai ke haɗa su da Yaya, domin ƙazafin da aka yi wa 'yarsu bai gama fita daga ransu ba. Fata ta warke cikin wata biyu, abin da kalma ta ɓata kuwa har yau ana gyara.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya sa mu dace.